Malam Lauje

Ni ban karanci tsuntsaye ba.
Gadi nake yi a gonar gishiri, bakin Densu,
inda kogi ke gajiya ya miƙa wa teku kayansa.
Daga Sabon Zango nake tasowa bayan asuba,
torotoro biyu, sauran kuma a ƙafa.

Ayele ce ta jawo mini.
Ta zo da madubin hange rataye a wuya
da wani littafi da ruwa ya taɓa ci,
ta ce: Baba Sallau, in ka ga mai dogon baki,
lanƙwasasshe, ya karkata ƙasa,
launin busasshiyar ciyawa, ƙafafu kamar sillen kara,
rubuta mini rana da lokaci.
Na ce yaya sunansa?
Ta faɗa da Turanci, ta ƙara da yaren masana,
na jujjuya su a baki, suka ƙi zama.
Na san zalɓe, na san balbela, na san kirinjijiya.
Wannan ban ji Bahaushe ya yanka masa rago ba,
sai na raɗa masa Malam Lauje.

Ga abin da littafinta ke cewa:
Sakumono, bara, guda ɗaya, da la'asar sakaliya.
Songor, wai uku, amma mai faɗar bai rantse ba.
Korle, ta ja layi kawai.
Nan wajenmu shafi biyu, fari fat.

Wata huɗu ina kallon laka.
Na koyi lokacin da ruwa ke janyewa
ya bar taɓo yana sheƙi kamar tiren mai ƙosai,
na san ramukan ƙaguwa,
da itatuwan nan masu tsayawa bisa saiwoyinsu
kamar masu tattare riga za su haye rafi.
Ledojin ruwa sun sha yaudarata daga nesa.

Ranar wata Talata, ina wanke buta,
sai na ji fito, gaɓa biyu, ta biyun ta hau sama,
kamar mai kiran ɗan'uwa a tashar da bai sani ba.
Ga shi can. Shi kaɗai.
Ya fi ƙananan da ke kewaye da shi tsayi,
yana takawa a hankali, ba ya neman kowa da magana.
Ya luma bakin nan cikin taɓo har ido,
ya zaro ƙaguwa, ya girgiza ta, ya haɗiye,
ya ƙara taku uku.
Na tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a takalmina.
Ban duba agogo ba.

Kafin Ayele ta fito daga cunkoson mahaɗar Malam
ruwa ya fara dawowa, baƙo ya yi gabas.
Ta durƙusa a laka da wandonta mai tsada
tana auna sawu da tsinken ashana,
yatsu uku, da 'yan ramuka inda baki ya shiga.
Ta ce daga can arewa yake, inda ruwa ke daskarewa,
nan yake zuwa cin rani.
Na yi dariya. Kakana ma haka ya ce wa mutanen gida
da ya biyo ayarin goro zuwa Ankara,
ga kabarinsa nan, ga mu nan.

Ta rubuta: ɗaya, bisa shaidar Sallau.
Wajen lokaci ta bar fili.

Jiya tifa shida sun juye jar ƙasa
a gefen da ya tsaya.
An kafa turke, an ɗaura masa jan ƙyalle,
wani yaro na lissafin bulo a waya.
Ban ce musu komai ba, ba filina ba ne.
Amma na sayi agogon hannu, sidi arba'in,
kuma na matsar da bencina
inda zan riƙa ganin sauran lakar.